Yadda rigimar kwangila ta cinye aikina a cibiyar binciken gwamnatin Amurka

Duk wanda na gaya wa cewa ina aiki a cibiyar binciken kimiyya ta gwamnatin Amurka, abin da yake fara cewa shi ne, "Ai kai ka huta, aikin gwamnati ba a kora." Ni kuwa ban taɓa zama ma'aikacin gwamnati ba ko na yini ɗaya. Ginin na gwamnati ne, na'urorin na gwamnati ne, kuɗin da ake biyan mu daga baitulmalin gwamnati yake fitowa, amma sunan da ke saman takardar albashina na wani kamfani ne mai zaman kansa. Haka tsarin yake tun zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da aka danƙa wa Jami'ar Kalifoniya gudanar da cibiyar Los Alamos a 1943. A yau Ma'aikatar Makamashi tana da manyan cibiyoyin bincike 17, kuma 16 daga cikinsu 'yan kwangila ne ke tafiyar da su, ko jami'a, ko kamfani, ko haɗakar su. Hukumar binciken sararin samaniya ta NASA ma haka ta yi da cibiyar JPL, wadda jami'ar Caltech ke riƙe da ita.

Ban da waɗannan manyan kwangilolin, akwai ƙanana da hukumomin gwamnati ke bayarwa kai tsaye don ayyukan tallafi, kuma a ƙarƙashin irin wannan nake. Mu ne masu kula da na'urorin awo, masu daidaita su idan sun fara ba da lissafin da ba shi ba, masu gyaran famfunan zuƙe iska, masu haɗa bututun gas, masu riƙe da littattafan tarihin kowace na'ura. Masanin kimiyya zai rubuta takardarsa ta fito a mujalla, sunanmu ba ya ciki, kuma wannan bai taɓa damuna ba. Abin da ya kamata mai karatu ya sani tun farko shi ne kowace sa'a da na yi aiki sai na rubuta ta a ƙarƙashin wata lamba, lambar aikin da zai biya ta. Idan lamba ta ƙare, ko kana zaune a gaban na'urar da ta lalace, babu wanda zai biya ka ka taɓa ta. Kuma kwangilar da ta haifi duk lambobin nan tana da wa'adi. Idan ya cika sai a sake buɗe gasa.

Gasar kanta ba a yi ta da mu ba. Hukuma ta fitar da daftarin abin da take buƙata, manyanmu suka ɓace cikin wani ofishi a wajen harabar cibiya suna rubuta takardun tayi na tsawon watanni, mu kuma muna ta aikinmu. Alamar farko da ta iso gare mu ita ce kiran waya. Kamfanonin da ke takara da namu suka fara nemanmu ɗaya bayan ɗaya, cikin ladabi, suna roƙon takardar tarihin aikinmu da kuma sa hannu a wata wasiƙa mai cewa idan sun ci gasar za mu yarda mu yi musu aiki. Suna buƙatar wannan ne don su nuna wa hukuma cewa suna da mutanen da za su riƙe aikin. Kamfaninmu ya aiko da sanarwa cewa bai ji daɗin wannan ba, yana tunatar da mu amana. A ɗakin shan shayi kowa ya rantse bai ba kowa komai ba. Daga baya muka gano kusan dukkanmu mun bayar.

Ranar da aka sanar da sakamako, an tara mu a babban zaure da hantsi. Shugaban kwangilarmu ya ce hukuma ta zaɓi wani kamfani, ya ce ya yi mamaki ƙwarai, ya ce suna "nazarin duk hanyoyin da ke gabansu." Wani dattijo da ke zaune kusa da ni, wanda wannan shi ne karo na uku da aka sauya sunan kamfani a katin shaidarsa ba tare da ya sauya teburi ba, ya raɗa mini cewa, "Yaro, ma'anar wannan maganar lauyoyi sun riga sun fara rubutu." Ni a lokacin ban damu sosai ba. Abin da aka saba gani shi ne sabon kamfani ya ɗebi mafi yawan tsofaffin ma'aikata, domin ba shi da wasu da zai kawo daga sama. Cikin 'yan kwanaki suka kama ɗakin taro a wani otal, suka gana da mu, aka ba da yawa daga cikinmu takardar tayin aiki mai sharaɗi. Nawa albashin bai sauya ba.

A makon ne kuma wasiƙar farko ta iso daga tsohon kamfani. Akwai wata dokar tarayya ta 1988 da ake kira WARN, wadda ta wajabta wa kamfanin da ke da ma'aikata 100 ko fiye ya ba da sanarwar kwana 60 kafin ya rufe wurin aiki ko ya sallami mutane da yawa a lokaci ɗaya. Wasiƙar ta ce aikina da su zai ƙare a rana kaza. Na kai ta gida tare da takardar sabon kamfani, na shimfiɗa su biyun a gaban matata, na ce mata wannan ta rufe ƙofa, wannan ta buɗe. Ta karanta su a tsanake, ta ɗora yatsa a kan kalmar sharaɗi ta ce, "Baban yara, wannan ta biyun ba ta yi maka alkawarin komai ba."

Sannan tsohon kamfaninmu ya shigar da ƙorafi a kan sakamakon gasar. Yadda abin yake tafiya shi ne, kamfanin da ya faɗi yana da kwana 3 ya nemi hukuma ta zauna da shi ta yi masa bayanin dalilin faɗuwarsa. Daga wannan zaman ne lauyoyi ke tsinto abin kamawa. Akwai wurare uku da za a iya kai ƙorafi: wajen hukumar kanta, ko kotun tarayya da ke sauraron ƙararrakin kuɗi a kan gwamnati, ko ofishin GAO, wato ofishin da ke bin diddigin ayyukan gwamnati a madadin Majalisar Dokoki. Mafi yawa GAO suke zuwa, kuma dalilin a bayyane yake. A ƙarƙashin dokar gasar kwangiloli ta 1984, idan ƙorafi ya shiga cikin kwana 10 da ba da kwangila, ko cikin kwana 5 da zaman bayanin nan, dole hukuma ta dakatar da sabon kamfani har sai an yanke hukunci, sai dai idan ta rubuta hujja ta musamman cewa aikin ba zai iya jira ba. GAO kuma yana da kwana 100 ya yanke hukunci. A cikin kwana 30 na farko hukuma za ta kawo rahotonta da takardun tantancewa, mai ƙorafi ya samu kwana 10 ya mayar da martani, wani lokaci a yi zaman sauraro.

Kuɗin shigar da ƙorafin dala 350 ne tun daga 2018, kafin a ɗaga shi zuwa dala 500 a 2024. Kuɗin lauyoyi shi ne mai nauyi, amma ko shi ba komai ba ne idan aka auna shi da abin da tsohon kamfani ke samu. Tun da an dakatar da sabon, dole wani ya ci gaba da riƙe aikin, kuma babu wanda zai riƙe shi sai wanda ke kai. Kowane wata na jira, wata ne na kuɗin shiga ga wanda ya faɗi gasar. Ba na cewa duk ƙorafi na banza ne. A watan Janairun 2013 hukumar da ke kula da makaman nukiliya ta ba wata haɗakar kamfanoni kwangilar gudanar da cibiyoyinta biyu, Y-12 a jihar Tennessee da Pantex a jihar Texas, bisa alkawarin rage kashe kuɗi da sama da dala biliyan 3. GAO ya duba ya ce hukumar ba ta tantance ko alkawarin mai yiwuwa ne yadda ya kamata ba, ya ba masu ƙorafi gaskiya. Dole a samu wanda zai iya yin irin wannan tambayar. Amma sabon kamfanin bai karɓi aikin ba sai a watan Yulin 2014, kuma dubban mutanen da ke aiki a wuraren nan sun kwashe shekara ɗaya da rabi ba su san wanda zai zama uban gidansu ba.

Abin da na fi jin zafinsa shi ne matsayinmu a cikin shari'ar, wanda babu shi. Doka ta ce mai ikon shigar da ƙorafi shi ne kamfanin da ya yi takara ko yake shirin yi, wanda aljihunsa zai taɓu kai tsaye. Ma'aikaci ba ya cikin wannan ma'anar, ko da gidansa ne za a sayar. Ba za ka rubuta wa GAO ka ce ga abin da jiran yake yi mana ba. Takardun shari'ar ma a rufe suke da umarnin kariya, galibi lauyoyin da ba ma'aikatan kamfanonin ba ne ke ganin su, har shugabannin kamfanonin ba a ba su damar karanta sirrin tayin abokan takararsu. Abin da ya rage mana shi ne wani shafi a intanet inda GAO ke jera ƙorafe-ƙorafen da ke gabansa: lambar fayil, sunan mai ƙorafi, ranar shigarwa, ranar da wa'adi zai cika, da kalma ɗaya mai nuna ko a buɗe yake ko an rufe. Mutane masu digiri biyu da uku suka koma buɗe shafin nan safe da yamma.

Sabon kamfani ya aiko mana da saƙo gajere cewa an umarce su su tsayar da komai, ba su da izinin magana da mu. Tsohon kamfani ya aiko da wata wasiƙar WARN mai ɗage ranar sallama. Bayan an ƙara musu wa'adi sai wata ta sake zuwa da sabuwar rana. Na daina kai su gida, na buɗe musu aljihun teburi.

A waje babu abin da ya sauya, albashi na shiga kan lokaci. A ciki kuwa aikin yana zubewa a hankali. An hana ɗaukar sabon ma'aikaci, domin wa zai ɗauki mutum a kwangilar da ake tsawaita ta wata uku-uku? An hana sayen duk wani kayan gyara mai tsada. An soke horon da aka tsara. Ƙarin girma da ƙarin albashi aka ce sai ƙura ta lafa. Sai mutane suka fara tafiya, kuma waɗanda suka fara tafiya su ne waɗanda kowa ke nema: matasan da suka iya manhajar sarrafa na'urori, da ƙwararriyar mai walda bututun da ba ya yoyo, wadda wani kamfanin haɗa na'urorin lantarki ya ɗauke da ƙarin albashi mai tsoka. Wani abokin aikinmu da ke kan bizar H-1B, wadda ake ba ƙwararrun ma'aikata 'yan ƙasar waje, ya fi kowa shiga tasku. Mai irin wannan biza idan ya rasa aiki kwana 60 ne mafi yawa da yake da su ya samu wani kamfanin da zai tsaya masa, ko ya tattara ya bar ƙasar. Takardunsa na neman zama na dindindin suna rataye da sunan tsohon kamfani. Bai iya jira ba, ya karɓi aiki a wata jiha mai nisa, ya cire 'ya'yansa daga makaranta a tsakiyar zango.

Kowane mutum da ya tafi, aikinsa a kan na kusa da shi yake faɗawa. Na wayi gari ina riƙe da na'urorin mutum uku. Akwai wata tsohuwar na'ura da mutum ɗaya ne kawai ya san halinta, ya san sautin da take yi kafin ta tsaya. Bayan tafiyarsa ta tsaya a tsakiyar wani gwaji da aka yi makonni ana shirya shi, samfurin ya lalace, wata ɗalibar digiri na uku ta zauna a ƙasa ta yi kuka. Babu takardar da za ta nuna cewa ƙorafin kwangila ne ya jawo wannan. A rahoto an rubuta cewa famfo ne ya gaza.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Shekarar kuɗin gwamnatin Amurka ranar 1 ga Oktoba take farawa, kuma ba kasafai Majalisa ke kammala kasafi kafin ranar ba. Abin da suke yi shi ne su zartar da ƙudurin wucin gadi da ke barin hukumomi su ci gaba da kashe kuɗi daidai da na bara, ba tare da fara sabon aiki ba. Hukumar da ba ta san nawa za ta samu ba sai ta riƙe hannu, ta yi lissafi da mafi ƙarancin abin da ake hasashe. Irin wannan ne ya faru da JPL a watan Fabrairun 2024, inda aka sallami kimanin ma'aikata 530 da 'yan kwangila kusan 40 alhali Majalisa ba ta ma gama yanke nawa za a ba shirin ɗebo duwatsun duniyar Mars ba. A wajenmu abin bai kai haka girma ba, amma lambobin aiki biyu da muke dogaro da su sun bushe a daidai lokacin.

Wa'adin kwana 100 bai cika ba shafin ya nuna an rufe fayil. Aka yi ta murna a farfajiya na kusan awa ɗaya, kafin dattijon nan ya zo ya watsa mana ruwan sanyi. Ba hukunci aka yanke ba. Hukuma ce ta ce za ta ɗauki matakin gyara da kanta, za ta sake duba tayin kamfanonin, don haka GAO ya sallami ƙorafin tun da babu sauran abin jayayya. Wannan ba baƙon abu ba ne. A rahotannin da GAO ke kai wa Majalisa duk shekara, ƙorafin da yake ba gaskiya kai tsaye kaɗan ne, amma idan aka haɗa da waɗanda hukuma ta janye ta ce za ta gyara, kusan rabin masu ƙorafi suna samun wani abu. Abin da ba a gaya mana ba shi ne matakin gyara ba shi da agogo. Lokacin da muke gaban GAO akwai ranar da muke ƙirgawa. Yanzu babu. Muka shiga jiran gawon shanu.

A wannan zagayen ne aka yanke makomata, ko da yake sai daga baya na fahimta. Hukuma ta ba kamfanonin damar sabunta tayinsu. Kowa ya riga ya san jimillar kuɗin da mai nasara ya sa a karon farko, domin ana bayyana ta ga wanda ya faɗi, don haka kowa ya sauko da nasa. A kwangila irin tamu babu siminti ko ƙarfe da za a rage. Kusan duk kuɗin na albashin mutane ne. Rage farashi yana nufin rage kawuna, ko maye gurbin mai shekara ashirin a aiki da mai shekara uku. Bayan watanni hukuma ta sake zaɓar kamfanin da ta zaɓa tun farko. Tsohon kamfani ya sake kai ƙorafi, aka sake dakatarwa, aka sake ƙirga kwanaki. Wannan karon GAO ya yanke hukunci, ya yi watsi da ƙorafin.

Da aka wallafa hukuncin na zauna na karanta shi daga farko har ƙarshe. Rubutu ne mai tsabta, na mutanen da suka san aikinsu. Duk inda aka zo kan sirrin kamfani an goge. A wani sakin layi ana muhawara kan ko adadin ma'aikatan da sabon kamfani ya ce zai yi aikin da su ya isa, mai ƙorafi yana cewa bai isa ba, hukuma tana cewa ta gamsu. Adadin kansa an goge shi. Nan ne kaɗai muka bayyana a cikin dukkan shari'ar.

Takardun tayin aiki na farko sun riga sun mutu, aka sake sabon zama a otal. Wasu suna ta maganar cewa ai doka ta tilasta wa sabon kamfani ya fara ba tsofaffin ma'aikata aiki. Ba doka ba ce, umarnin shugaban ƙasa ne, kuma yana zuwa yana tafiya da mai mulki: Obama ya sa hannu a 2009, Trump ya soke a 2019, Biden ya dawo da shi a 2021, aka sake sokewa a watan Janairun 2025. A takardun kwangilarmu babu shi. Ko inda yake ma, bai hana sabon kamfani ya ce da mutane kaɗan zai yi aikin ba. Mafi yawan abokan aikina sun samu gurbi, wasu da ragin albashi, wasu da asarar kwanakin hutun da suka tara da shekaru. Sashenmu aka haɗe shi da wani. Saƙona ya zo da yamma, layi uku, suna godiya da sha'awar da na nuna.

Zaman sallama da tsohon kamfani bai wuce minti goma sha biyar ba. Wata mata daga ofishin kula da ma'aikata da manajana, wanda shi ma nasa zaman yana jiran sa bayan nawa. Aka miƙo mini ambulan mai kauri. Babu dokar tarayya da ta wajabta biyan kuɗin sallama, tsarin kamfani ne kawai, kuma namu ya tanadi albashin wasu makonni gwargwadon shekarun aiki, ga wanda bai samu gurbi a sabon kamfani ba. Sharaɗin shi ne ka sa hannu cewa ka yafe duk wata ƙara da za ka iya kai su. Matar ta ce kada in sa hannu a ranar, kuma ba don kirki kawai ta faɗa ba. Na haura shekara 40, kuma wata doka ta 1990 da ke kare manyan ma'aikata ta ce idan sallamar rukuni ce dole a ba ni kwana 45 in yi tunani, da kwana 7 bayan sa hannu da zan iya janyewa, a kuma shawarce ni a rubuce in ga lauya.

Dokar ta kuma wajabta a haɗa mini da wani jadawali: muƙamai da shekarun haihuwar duk waɗanda aka sallama, da na waɗanda ba a sallama ba. Babu suna, amma a wurin da kowa ya san kowa, suna ba ya buƙatar rubutawa. Na ga dattijon nan a layi na huɗu. Na ga kaina. Na bi jerin da biro ina lissafi, kuma ba sai ka yi karatun ƙididdiga ba kafin ka ga inda nauyin ya karkata. Na kai wa wata lauyar ƙwadago. Ta ba ni labarin wata cibiyar binciken gwamnati, Lawrence Livermore, inda aka sallami kimanin ma'aikatan dindindin 440 a watan Mayun 2008, watanni kaɗan bayan sabuwar haɗakar kamfanoni ta karɓi gudanar da cibiyar. Mutum 130 suka kai ƙara, aka sasanta a 2015 a kan dala miliyan 37.25. Ta ce in lura da shekarun da ke tsakanin 2008 da 2015. Sannan ta nuna mini inda tawa matsalar ta bambanta. Kamfanin da ya sallame ni ya rasa kwangilar ne gaba ɗaya, wannan hujja ce da za ta kare shi a gaban alƙali. Kamfanin da ya zaɓi wanda zai ɗauka kuma ban taɓa zama ma'aikacinsa ba, kuma tabbatar da cewa shekaru ne suka sa ya ƙi ni abu ne mai wuya, ga shi wa'adin kai kuka hukumar EEOC, mai sauraron ƙorafin nuna wariya a wurin aiki, kwana 180 ne, ko 300 a jihohi da yawa. Na biya ta kuɗin awa ɗaya, na koma gida, muka yi shawara da matata, na sa hannu.

Sauran abubuwan na takarda ne da layi. Inshorar lafiya a Amurka a jikin aiki take, kuma dokar COBRA ta ba ka damar ci gaba da ta kamfani har wata 18, amma kai za ka biya duka, kasonka da kason kamfani da ƙarin kashi 2 cikin 100. Da na ga adadin na wata ɗaya sai na gane nawa kamfani ke biya a madadina duk shekarun nan. Muka koma kasuwar inshora ta gwamnati, inda rasa aiki ke buɗe maka ƙofar kwana 60. Kuɗin tallafin marasa aiki jiha ce ke biya, a yawancin jihohi har mako 26, kuma duk mako sai ka shiga ka lissafa wuraren da ka nema. Kuɗin bai kai rabin albashina ba. A ranar ƙarshe na bi ofisoshi da takardar fita ana sa mini hannu: makullai, kwamfuta, na'urar auna tururin nukiliya da ke maƙale a rigata, sai katin shaida a bakin ƙofa. Littattafan tarihin na'urori na miƙa su ga wani matashi da aka ɗauko daga wani sashe, na zauna da shi iya lokacin da aka ba mu ina nuna masa abin da zai yiwu a nuna.

Na samu aiki bayan wasu watanni a wani kamfanin da ke gyaran na'urorin asibitoci da jami'o'i. Albashin ya ɗan gaza na da, tuƙin ya fi yawa, amma babu lambar da nake rubuta sa'o'ina a ƙarƙashinta. Waɗanda suka rage a cibiya muna gaisawa. Suna cewa aikin yana tafiya, da jinkiri, kuma an dawo da mutum biyu daga cikin waɗanda aka sallama ta hannun wani ƙaramin kamfani, ba tare da inshora mai kyau ba. Dattijon nan ya yi ritaya shekara biyu kafin lokacin da ya tsara.

Kwanan baya wayata ta yi ƙara da lambar da ban sani ba. Wata mai neman ma'aikata ce daga tsohon kamfanina. Wa'adin sabuwar kwangilar ya kusa cika, hukuma ta fitar da daftarin sabuwar gasa, kuma suna shirin komawa takara. Suna son takardar tarihin aikina da sa hannuna a wasiƙar nan mai cewa idan sun ci zan yarda in yi musu aiki, domin ina cikin mutane ƙalilan da suka san tsofaffin na'urorin. Na tambaye ta ko a wannan karon wasiƙar ta ɗaure su da wani abu. Ta ce za ta tambayi lauyoyinsu ta kira ni.